Rage bolt ɗin batirin faib: da gaske caji yana ƙara daɗewa? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne kan faib, wato sigarin lantarki, da 'yan uwanmu Hausawa mazauna Jidda da Makka suka fi yi min, saboda sana'ata wayarin ce da gyaran mukayyif, wato AC, toh duk wanda abin lantarkinsa ya yi masa gardama sai ya kwaso ya kawo min ko da ba layina ba ne. Ni ba likita ba ne kuma ba tallar abin nake ba, wanda bai taɓa sha ba dan Allah kar ya fara, nikotin kama mutum yake. Lissafin wuta kawai zan yi wa waɗanda abin ya riga ya zama a aljihunsu.

Malam, da gaske idan na rage bolt cajin zai fi daɗewa?

Eh, kuma ragin da kake samu ya fi wanda kake gani a allo. Dalili shine ƙarfin wutar da koyil (ɗan ƙarfen da ke yin zafi ya tada hayaƙi) ke ci, wato wat, ana samunsa ne idan ka ninka bolt da kansa sannan ka raba da om ɗin koyil, wato ma'aunin turjiyarsa ga wuta. Ɗauki koyil mai om 1.0. A bolt 4.2, wanda shine cikar batir, yana cin wat 17.6. Ka sauko 3.7 ya koma wat 13.7. Ka sauko 3.3 ya koma wat 10.9. Kaga daga 4.2 zuwa 3.3 bolt ɗin kashi 21 cikin ɗari kawai ka rage, amma cin wutar ya faɗi da kashi 38. Shi yasa ɗan taɓawa kaɗan yake nunawa, ko kashi 10 ka rage na bolt, kashi 19 na wat ne ya tafi.

Toh a zuƙa nawa kenan?

Bari mu yi da batirin da aka fi sani, 18650 (lambar girmansa ce) mai 3000mAh irin su Samsung 30Q ko LG HG2. Ka ninka 3 (wato 3000mAh a raba da dubu) da bolt 3.7, abin da ke cikinsa wajen wat-awa 11 ne. Amma ba duka zaka sha ba, na'urar tana yanke wuta tun batir bai kai ƙasa ba, yawanci wajen bolt 3.2, kuma cif ɗin ciki, wato ƙwaƙwalwar na'urar mai daidaita wuta, shima yana cin nasa rabon. Mu ce wat-awa 9 ne ke isa koyil.

A wat 17.6 wannan zai ba ka kusan minti 31 na danna maɓalli, idan kowace zuƙa daƙiƙa 4 ce ka samu wajen 460. A wat 10.9 kusan minti 50, zuƙa wajen 740. Wannan a takarda ne fa, batirin da ya tsufa ba zai kawo haka ba, amma tazarar da ke tsakanin biyun haka take ko batir sabo ne ko tsoho.

Na rage, amma wlh batirin ƙarewa yake kamar da. Me ya faru?

Nan ne maganar take, kuma kusan duk mai wannan ƙorafin abu ɗaya ne ke damunsa. Batir bai san bolt nawa ka saita ba, abin da ya sani shine wat nawa aka ja kuma na daƙiƙa nawa. Da ka rage wuta hayaƙin ya ragu, ɗumin ya ragu, maƙogwaro bai ji abin da ya saba ji ba, sai hannunka da kansa ya ƙara daɗewa a kan maɓalli ba tare da ka lura ba, ko kuma ka riƙa ɗauka akai akai. Wat 17.6 na daƙiƙa 4 da wat 10.9 na daƙiƙa 6 da rabi, wuta ɗaya suka ci, ka lissafa ka gani dukkansu 70 da ɗoriya ne. Kamar mai tankin ruwa ne a saman gida da ya rage famfo don kar ya kira wayit, wato tankar ruwa, da wuri, sai kuma ya ninka zamansa a banɗaki, ranar da tanki zai ƙafe ba ta matsa ko ina ba.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara ɓata lissafin. Koyil ƙarfe ne, sai ya yi zafi tukuna ruwan nakaha, wato ruwan faib ɗin mai ƙamshi, yake fara tashi. Idan koyil ɗin mai kauri ne kuma ka ba shi wuta kaɗan, daƙiƙar farko gaba ɗaya tana tafiya ne wajen ɗumama ƙarfe, ba hayaƙi ba komai amma batir yana biya. Na ga wani direba da ke jigila tsakanin Jidda da Madina, koyil ɗinsa an rubuta masa wat 50 zuwa 60 a jiki, shi kuma ya kafe shi a 28 wai yana tattali, sai ka ga ya danna yana jira kamar mai jiran shayi ya tafasa kafin ya kai baki. Wannan asara yake ba tattali ba.

Yawancin manyan na'urori suna da wajen da ke ƙirga zuƙa da kuma daƙiƙoƙin kowace zuƙa. Ka share shi bayan ka cika caji, ka duba lambar idan batir ya ƙare, ka sake yi bayan ka rage wuta. Wannan ne zai gaya maka gaskiya, ba yadda kake ji a ranka ba.

Tawa wat take nunawa, ba bolt. Ya zan yi?

Abu ɗaya ne. Tsofaffin irin su eGo Twist da ake murɗa gindinsu daga 3.2 zuwa 4.8 su ne na bolt, na yanzu kai kake faɗin wat, cif ya auna om ɗin koyil ya zaɓi bolt da kansa. Ka rage wat ka rage bolt kenan. Ni ma na fi son haka don lissafin caji da wat ake yinsa kai tsaye.

Idan batir na da 4.2 kuma na saita 3.3, ina ragowar take zuwa? Ba ɓata ake ba?

A na'urar kirki ba a zubar da ita. Cif ɗin yana kunna wuta yana kashewa da sauri sosai, sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, ya bi da ita ta wani ɗan naɗin waya ya daidaita ta, sai ya zama bolt ya sauka amma batir yana bada amfiya, wato yawan wutar da ke ratsawa, ƙasa da wadda koyil ke karɓa. Asarar da ake yi a nan yawanci kashi 5 zuwa 15 ce cikin ɗari, ita ce ɗumin da kake ji a jikin na'urar.

Masu araha kuma yanka wutar kawai suke, su saki cikakken bolt na ɗan lokaci su ɗauke, su sake saki. Shima yana rage cin batir don lokacin da aka ɗauke ba a jan komai. Sai dai idan ka sa ƙaramar mita a kai lambar da zata nuna maka zata yi ƙasa da ainihin zafin da koyil ke samu, don haka kar ka dogara da ita ka ce na'urar ta mutu.

Tawa ba ta da cif, wani ya ce in sa dayod ko razista, ƙananan kayan lantarkin nan masu rage wuta, a hanya in rage bolt. Ya kake gani?

Ban ba ka shawara ba. Zai rage bolt ɗin, gaskiya ne, dayod na yau da kullum yana cinye wajen bolt 0.7, har ma fiye idan wuta ta yi yawa. Amma duba inda take zuwa. Batir 4.2, koyil om 1.0, koyil ya samu 3.5 ya ci wat 12 da ɗan kai, dayod kuma yana ƙona kusan wat 2 da rabi a banza, zafi zalla a cikin tafin hannunka. Kusan kashi 17 na cajinka kenan ya tafi ɗumama dayod. Idan kuma koyil ɗin mai om 0.3 ne wutar da ke ratsawa ta haura amfiya 11, dayod ɗin zai riƙa fitar da wat 8 ko fiye dab da batirin litiyom, a garin da dama iskar waje kanta ta kai digiri 45. Dalma ta narke, waya ta taɓa jiki, shikenan.

Na'urar da ba ta da cif dama ba ta da mai tsaron ƙofa, ba abin da zai yanke wuta idan waya ta haɗu. Idan kana son rage cin wuta a irinta hanya ɗaya ce mai hankali, ka sa koyil mai om sama da wanda kake da shi. In kuma ba ka iya lissafin amfiya ba ka ajiye ta ka sayi mai cif, ko da harajin kashi 100 da aka ɗora wa kayan nan tun 2019 ya sa kuɗinsu ciwo, bai kai kuɗin asibiti ba.

Har ina zan iya saukowa?

Dubi jikin koyil, akwai lambobin wat biyu, misali 12 zuwa 16 ko 40 zuwa 60. Ka zauna a ta ƙasan ko ɗan sama da ita kaɗan. Idan ka faɗa ƙasa da haka auduga tana jan ruwa fiye da yadda koyil ke iya ƙonawa, sai ruwan ya taru, ka ji tana ƙurƙur, tana tofo maka ruwa mai zafi a harshe, daga baya ta fara yoyo ta ramin iska ka ga aljihun jallabiya ya yi tabo. A nan ƙasar abin ya fi muni don zafi yana tsinka ruwan nakaha ya zama kamar ruwan famfo, ko mai kaurin ma.

Don haka in dai dogon caji kake nema da gaske, canza koyil ya fi matse wanda kake da shi. Mai shan wat 60 da ya koma koyil na wat 12 cajinsa zai iya ninkawa wajen sau biyar a batir ɗaya, ruwan da yake saye shima ya ragu sosai. Sai dai jan ya bambanta, matsattse ne irin na sigari, ba irin na shisha mai cika ɗaki ba. Kuma a kula, ruwa mai nikotin da yawa na ƙananan koyil ne, ka zuba shi a na wat 60 jiri da tashin zuciya zasu kwantar da kai.

Ƙaramar sahba ce da ni, wato ƙaramin faib na aljihu, ba maɓalli ba allo. Akwai dabara?

Idan ana canza mata bod, wato kan da ke ɗauke da ruwa da koyil, akwai. Yawancinsu suna zuwa da bod iri biyu ko uku. A bolt 3.6 mai om 0.8 yana cin wajen wat 16, mai om 1.2 wajen wat 11, kaga kusan kashi ɗaya cikin uku ka rage ba tare da ka taɓa komai ba. Batirin irin waɗannan ƙanana ne, mai 1000mAh wat-awa 3.7 kawai gare shi, shi yasa bambancin yake fitowa fili ga mai dogon dawam, wato doguwar ranar aiki.

Ta yarwa kuwa, wadda ake jefarwa idan ta ƙare, ba abin da zaka yi mata, sai dai in tana da ɗan makunni na ƙarfi da sauƙi ka bar ta a sauƙi. Lambar zuƙa dubu kaza da ke jikin kwali da gajerun zuƙa aka ƙirga ta, kar ka sa ran zaka cimma ta. Kuma dan Allah a daina farke su ana haɗa musu wayar caja tsirara, batirin ciki ba shi da abin da zai tsayar da caji idan ya cika.

Me yasa take rubuta min batir ya yi rauni alhali alamar caji na nuna saura rabi?

Batir yana da tasa turjiyar a ciki, sabo mai kyau wajen om 0.02 ne. Duk lokacin da ka danna, bolt ɗinsa yana durƙusawa gwargwadon wutar da aka ja. A amfiya 20 ya faɗi da bolt 0.4, ka ƙara da na marfin batir da maɗaurai idan sun yi datti. Toh batirin da ke zaune a 3.6 kana dannawa ya faɗo 3.2, cif ya ce ya ƙare, ka saki ya koma 3.6 alama ta nuna rabi.

Nan rage wuta yana da riba ta biyu wadda lissafin farko bai nuna ba. A amfiya 10 faɗuwar 0.2 ce kawai, sai ka ci gaba da shan cajin da a da na'urar ke hana ka. Zafin da batir ke yi a cikinsa shima ya sauko daga wat 8 zuwa wat 2. Shi yasa idan ta fara wannan rubutun kana hanya ba caja, ka rage wat da kashi ɗaya cikin uku, zata ƙara kai ka wani wuri.

Wani abu da mutane ba su sani ba, a na'ura mai cif batir ya fi wahala ne lokacin da ya kusa ƙarewa. Wat 60 a batir ɗaya yana jan wajen amfiya 16 idan ya cika, amma idan ya sauko 3.2 sai ya ja kusan 21 don ya cike gurbi. Samsung 30Q amfiya 15 kamfaninsa ya rubuta masa, 25R kuma 20. Kaga mai 30Q guda ɗaya bai kamata ya wuce wat 40 da ɗan kai ba.

Mai batir biyu fa, tunda bolt ɗinta 8.4 ne ba ta fi ci ba?

A'a. Cif ne ke sauko da shi zuwa abin da koyil ke so. Wat-awa 22 ne da kai maimakon 11, a wat iri ɗaya caji ya ninka har da ɗan ƙari don kowane batir rabin wahala yake sha. Sharaɗi dai su zama iri ɗaya, an saye su tare, ana cajinsu tare, kar ka haɗa tsoho da sabo.

Na rage wuta, na canza koyil, amma duk bayan 'yan watanni batirina ya lalace. Laifin waye?

Laifin rana ne galibi. Litiyom ba ya shiri da zafi, masu ƙera shi digiri 60 suke sa wa a matsayin iyaka, motar da aka rufe aka bari a rana a watan Yuli a Makka kuwa cikinta yana wuce haka, balle kan dashbod. Ka shiga sallar azahar ka bar ta a mota, ka shiga baƙala, wato kanti, ka bar ta, yau da gobe sai batirin ya tsufa tun bai kai ko rabin caji 300 zuwa 500 da ake sa ran zai yi ba. Mafi muni shine a bar shi cike taf kuma a cikin zafi, waɗannan biyun idan suka haɗu su ne ke cinye shi. Batirin da zafi ya dafa turjiyarsa tana ƙaruwa, sai ya riƙa durƙusawa da wuri kamar yadda na faɗa a sama, duk rage bolt ɗin da zaka yi ba zai dawo da shi ba.

Kar kuma ka sa a caji tana fitowa daga rana da zafinta, bar ta ta huce a ɗaki mai mukayyif tukuna. Ba a firij ba, raɓa zata shiga cif.

An ce kar in cika caji, in tsaya a 4.1. Shima rage bolt ne?

Wannan wani rage bolt ne daban, kuma aikinsa kishiyar wancan ne a yini ɗaya. Tsayawa a 4.1 maimakon 4.2 yana rage maka wajen kashi 10 na cajin ranar, amma batirin ya fi tsawon rai sosai. Idan dama cajinka yana kai ka dare da saura, cire shi kafin ya cika ba laifi. Idan ba ya kai ka, cika abinka. Wanda zaka ajiye ka tafi gida hutu kuwa bar shi a rabi, wajen 3.7, a inuwa.

Na ga batir 18650 an rubuta 9900mAh kuma da araha. Ba shine maganin duk wannan ba?

Ƙarya ce tsagwaronta. Girman nan, faɗi milimita 18 tsawo 65, manyan kamfanoni irin su Samsung, LG, Murata da Molicel wajen 3500mAh suke kaiwa, kuma masu 3500 ɗin ma ba su jure jan wuta mai yawa, na tocila ne da makamantansu. Masu jure faib suna tsakanin 2500 da 3000. Na gaske yana da nauyin giram 45 zuwa 48, na bogi sau da yawa kana ɗagawa zaka ji shi sakayau. In na'urarka na karɓar batir 21700, wanda ya fi 18650 girma, wannan ita ce halastacciyar hanyar ƙarin caji, Molicel P42A 4200mAh gare shi.

Ka riƙa duba ledar jikin batir kuma. Gangar jikinsa gaba ɗaya ƙarfe ce mai ɗauke da wuta, leda ce kawai ta raba ta da kan, idan ta yage kusa da sama ko ka jefa shi tsirara a aljihu tare da makulli da silallan riyal, wuta ce zata tashi a cinyarka. Ɗan akwatin roba na batir kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Idan na rage bolt na rage illa kenan?

Abu ɗaya zan iya cewa ta ɓangaren wuta, koyil da ya yi zafi fiye da kima har auduga ta bushe ta fara ƙauri yana fitar da abubuwa masu guba irin su fomaldihaid, rage wuta yana rage faruwar haka. Amma wannan bai mayar da ita lafiya ba, nikotin yana nan, kuma in ka rage wuta ka ninka zuƙa jikinka ya karɓi abin da ya saba karɓa. Malaman ƙasar nan sun daɗe da fatawar haramcin taba, kowa ya sani, doka ma ta hana sha a harabar masallatai da ma'aikatu da asibitoci da motocin haya, tarar riyal 200 ce, kuma ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Mai son bari, ma'aikatar lafiya tana da asibitocin taimakon masu barin taba, a kira 937 a tambaya.

Zan tafi Kano, in sa ta a babbar jaka?

A'a, dokar jiragen sama ta hana sa faib da batiran litiyom na ajiya a kayan awo, a jakar hannu ake riƙe su, kuma ba a sha ba a caji a cikin jirgi. Kashe ta gaba ɗaya, yawanci danna maɓalli sau biyar ne, in batirin na fita ne ka cire ka sa a akwatinsa. Ka zazzage tankin kafin ka shiga filin jirgin Jidda don canjin iska a sama yana turo ruwan waje. Idan kuma ta wata ƙasa zaka yada zango ka bincika dokarsu tun kafin ka yanki tikiti, akwai ƙasashen da suka hana shiga da ita kwata kwata, irin su Indiya da Singafo.